Amsoshin Tambayoyinku: Kwanan Tanti da Iyali a Dazukan Amurka, Ta Ina Za a Fara?

TAMBAYA: Ni magidanci ne mazaunin Baltimore a jihar Maryland ta Amurka, da maiɗakina da 'ya'yanmu huɗu, babbar shekararta 12, autan kuma 3. Yaran sun tasa ni gaba sai mun je kwanan daji a tanti kamar yadda 'yan ajinsu suke yi da hutun bazara. Uwarsu ta ce ba da ita ba, wai mun baro duhu da ɗibar ruwa a gida, ba za ta biya kuɗi a mayar da ita ciki ba. Ni kuwa namun daji nake tsoro. Wani abokin aikina ya ce mu je gandun shaƙatawa na jiha, wani kuma ya ce can cunkoso ne, mu nausa dajin da babu kowa, ya fi arha ya fi daɗi. Wanne ya dace da mai ƙananan yara, kuma me zan kiyaye?

AMSA: Malam, ka kai su, amma ka fara da gandun jiha. Abokan aikin naka babu wanda ya yi maka ƙarya, sai dai na biyun yana magana ne da bakin wanda ya daɗe yana yi. Mai yaro ɗan shekara uku, wanda bai taɓa kafa tanti ba, bai kamata ya yi kwanan farko a inda babu ruwa, babu ban-ɗaki, babu wanda zai kira ba.

A gandun jiha, fili ake yanka maka mai lamba, ka faka motarka a gefensa. Za ka tarar da teburi mai benci, da murhun ƙarfe zagayayye na hura wuta, da dandamali mai tsakuwa na kafa tanti. Taku kaɗan akwai famfo, akwai ginin ban-ɗaki da wurin wanka, galibi har da ruwan zafi, ɓangaren mata daban na maza daban. Akwai ma'aikatan gandu masu zagayawa, kuma a wurare da yawa akwai wani ɗan sa-kai da ke kwana a zangon don taimakon baƙi. Daga Baltimore, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna za ta kai ka Cunningham Falls kusa da garin Thurmont, inda ruwa ke gangarowa kan duwatsu tsawon ƙafa 78, ga tafki mai bakin yashi da yara ke wanka. In ka ƙara gaba yamma akwai Rocky Gap kusa da Cumberland, a bakin tafkin Habeeb. Can ƙuryar jihar kuma akwai Swallow Falls, inda Henry Ford mai kamfanin motoci da Thomas Edison da Harvey Firestone suka kafa tantunansu a 1921. Wannan gyara da ake gani a gandayen Amurka ba jiya aka fara shi ba. Tsakanin 1933 da 1942, lokacin da tattalin arzikin ƙasar ya karye, gwamnatin Franklin Roosevelt ta ɗebi matasa kimanin miliyan 3 marasa aikin yi ta tura su dazuka, suka shuka bishiyoyi, suka fasa hanyoyi, suka gina rumfuna da madatsun ruwa a ɗaruruwan gandaye. Wasu gine-ginensu na dutse da katako har yau ana amfani da su.

Zangon daji wani abu ne daban. Ɗauki dajin Green Ridge na jiharku, kimanin awa biyu daga Baltimore a kan babbar hanya mai lamba 68. Yana da wuraren ya da zango kusan 100 warwatse a gefen hanyoyin burji, kowanne nesa da ɗan'uwansa. Teburi da murhu kawai za ka samu. Ruwa kai za ka zo da shi, shara kai za ka tafi da ita, bayan gida kai za ka san yadda za ka yi. A dazukan gwamnatin tarayya, irin Monongahela a West Virginia ko George Washington a Virginia, akwai ƙananan zanguna masu masai na rami, wani lokaci da famfon tuƙa-tuƙa, akwai kuma inda aka yarda mutum ya kafa tantinsa kyauta, yawanci kada ya wuce kwana 14. Shirun da ke wurin da taurarin da ake gani ba a samunsu a gandun jiha, wannan gaskiya ne. Amma sabis ɗin waya yana ɗaukewa, asibiti yana da nisa, kuma in yaro ya tashi da zazzaɓi da tsakar dare, kai kaɗai ne da tocila da hanyar da ba ka sani ba.

Maganar Hajiya kuwa kada ka ɗauke ta wasa, don tana da hujja. Abin da ke lalata irin wannan tafiya a gidaje da yawa shi ne maigida da yara su tafi kallon ruwa, uwa ta wuni tsugune tana girki da wanke-wanke a wurin da ya fi ɗakin girkinta wahala. Wannan ba hutu ba ne a gare ta. In kana so ta yarda, ka ɗauke mata girkin tafiyar gaba ɗaya, kai da manyan yaran. A dafa miya da shinkafa tun a gida, a daskarar da miyar a sa a kula, can sai ɗumame a murhun gas. Ka zaɓi filin da ke kusa da ban-ɗaki, don taswirar zangon tana nan a shafin intanet na kama wuri. In har yanzu ranta bai kwanta ba, gandayen Maryland da yawa suna da ƙananan ɗakunan katako masu gado da wutar lantarki a cikin zangon. Ita da autan su kwana ciki, ko ku fara da ɗakin gaba ɗayanku. Ba gazawa ba ce.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe a duk amsar nan. Kada gawayi, ko risho, ko murhun gas, ko fitilar gas su shiga cikin tanti da wuta a jikinsu, komai sanyi, komai ruwan sama. Mu mutane ne da muka saba shigar da kaskon garwashi ɗaki da hunturu, kuma hannu yana kaiwa ga abin da ya saba ba tare da tunani ba. Garwashi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma yana ci gaba da fitar da ita ko da ya yi kamar ya mutu. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Yara sun fi saurin kamuwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ƙiyasta cewa sama da mutum 400 wannan iska ke kashewa kowace shekara a ƙasar ba tare da gobara ba. Buɗe zif ɗin ƙofa bai isa kariya ba. Ko turaren wuta na Hajiya, a waje za a kunna shi.

Maganin sanyi shi ne shimfiɗa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska, saboda haka tabarma kaɗai ba ta wadatarwa. A sa soso mai kauri ko katifar zango a ƙarƙashin kowa, sannan jakar barci ko bargo, da hula da safa busassu waɗanda ba a wuni da su ba. A duwatsun yammacin Maryland dare yana sanyi ko a watan Yuli. Tantin da aka rubuta na mutum shida a jikinsa, ana nufin mutum shida a jere babu kaya, don haka ku shida ku nemi na takwas, mai labule a tsakiya saboda babbar 'yarka ta samu sutura. Ka kafa shi sau ɗaya a gida tukuna, ka isa zango da sauran rana, kuma tamfol ɗin da za ka shimfiɗa a ƙarƙashinsa kada ya leƙo waje, in ba haka ba zai tara ruwan sama ya kai muku ƙarƙashin katifa.

Namun dajin da kake tsoro, akwai su. Baƙar beyar tana rayuwa a yammacin Maryland, amma gudun mutum take yi, abinci ne ke janyo ta. Wanda zai fi damunku shi ne rakun, wata ƙaramar dabba mai hannuwa da ta iya buɗe kula. Dokar duka ɗaya ce: kafin a kwanta, abinci da tukwane da shara su koma but ɗin mota a kulle. Kilishi, dambun nama, man goge baki, man shafawa mai ƙamshi, alewar da yaro ya ɓoye a aljihu, babu wanda zai kwana a tanti.

Abin da ya fi beyar cutar da masu zuwa daji a yankinku shi ne kaska. Akwai wata kaska mai baƙaƙen ƙafafu da ke ɗauke da cutar Lyme, wadda aka sa wa sunan wani gari a jihar Connecticut inda aka fara lura da ita a jikin yara a 1975, kuma Maryland tana cikin jihohin da cutar ta yi yawa. Ƙaramar kaskar ba ta kai ƙwayar riɗi ba, a fata mai duhu kuwa ganinta sai an ƙura ido, haka ma jan zoben da cutar kan fitar a inda ta ciza. Sauƙin abin shi ne yawanci sai ta yi fiye da kwana guda a manne kafin ta sa cutar. Saboda haka kowane dare ku duba yaran da tocila: bayan kunne, cikin kitso, hammata, cibiya, bayan gwiwa, matsematsi. In an gan ta, a kama ta da hantsaki daf da fata a ja a hankali a miƙe. Kada a ƙona ta da ashana, kada a shafa mata mai. Yara su sa dogon wando a cusa cikin safa, a fesa maganin ƙwari. In zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi ko wani tabo mai faɗaɗa ya bayyana cikin wata guda da dawowa, ku gaya wa likita kun kwana a daji. Ka kuma nuna wa yaran hoton wani tsiro mai ganye uku-uku a reshe ɗaya da ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje, kada su taɓa shi, kada a jefa shi a wuta, don hayaƙinsa yana illa ga huhu.

Ka bar adda a gida. Sare bishiya ko reshe ɗanye laifi ne mai tara. Itacen wuta ma ba a zuwa da shi daga gida, a can ake saya, domin wani ƙwaro da aka gano a jihar Michigan a 2002 ya bi cikin itacen girki ya yaɗu, ya kashe bishiyoyi miliyoyi. A hura wuta a cikin murhun kawai, babba ya tsaya a kanta muddin autan yana kusa. Kashe ta kuma da ruwa ne, a zuba, a juya tokar, a sake zubawa, har sai bayan hannu ya daina jin zafi. Kusan kashi 85 cikin 100 na gobarar daji a Amurka mutane ne sanadinta.

Salla ba ta da wahala a zango. Ka tafi da buta da darduma, ku ɗebo ruwa ku yi alwala a filinku, don ba a son wanke-wanke a bakin famfon jama'a. Alƙibla daga Maryland arewa maso gabas take, ka tabbatar da ita tun kafin sabis ya ɗauke. Daga wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare zuwa safiya lokacin shiru ne a doka, asuba kuwa da bazara tun wajen ƙarfe 4 take yi, tanti kuma ba ya tare sauti. A yi kiran salla da karatu a hankali. Maƙwabtan zango galibi iyalai ne irinku, sallama da murmushi suna buɗe hanya, kuma in wani ya takura muku, ma'aikacin gandu za a kira, ba a tsaya cacar baki ba.

Wuraren da ake so suna cika tun watanni kafin bazara, musamman daren Juma'a da Asabar daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Satumba, don haka ka kama wuri ta intanet da wuri. Ni na fi son farkon Satumba ga masu farawa: zafi ya ragu, sauro ya ragu, jama'a sun ragu. Dare biyu ya isa. In hasashen yanayi ya nuna tsawa da iska mai ƙarfi, ka ɗaga tafiyar ko da za ka yi asarar kuɗin kama wuri, don yaron da ya yi kwanan farko a jiƙe ba zai so komawa ba.

Bayan kun je gandun jiha sau biyu ko uku, autan ya ƙara wayo, kun san abin da kuke mantawa da abin da kuke ɗauka a banza, sai ku gwada Green Ridge, zai fi kyau tare da wani gidan. A lokacin za ka tanadi aƙalla lita 4 na ruwa ga kowane mutum a kowace rana, ka ƙara na alwala da tsarki. Ruwan rafi sai an tafasa shi ya yi minti guda yana ɓararraka. In babu masai, a haƙa rami mai zurfin taƙi guda, nesa da ruwa da taku 70 na babba, a rufe bayan an gama. Ka riƙe taswirar takarda, ka gaya wa wani inda kuke da ranar dawowa, ka kuma tambayi ofishin dajin lokutan farauta, don ana harbin barewa a can da kaka.

Na bana dai, ka zaunar da Hajiya ku duba taswirar Cunningham Falls ko Rocky Gap tare, ita ta zaɓi filin da ranar. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya.