Buɗe ƙofa a rautar gida domin isa ga na'ura daga waje

Duk na'urar da ke haɗe da rautar gida, waya ce ko kwamfuta ko akwatin naɗar hotunan kyamarar tsaro, tana da adireshi na cikin gida, galibi mai farawa da 192.168. Wannan adireshi ba ya aiki a waje. Adireshi ɗaya kawai duniya ke gani, wanda kamfanin intanet ya bai wa rautar. Idan na'urar ciki ce ta nemi wani shafi, rauta takan riƙe lissafi, amsa na dawowa ta san wa za ta miƙa wa. Saƙon da ya zo daga waje ba a nema ba kuwa, watsar da shi take yi, domin ba ta san mai shi ba. Shi ya sa mai shago kan ga kyamarorinsa lafiya lau yana ciki, da ya fita sai hoto ya ɗauke.

Maganin shi ne a kafa wa rauta ƙa'ida: duk abin da ya shigo ta ƙofa mai lamba kaza, a kai shi ga na'ura kaza. Lambobin ƙofofi sun kai 65535, wasu kuma an san aikinsu: 80 da 443 na shafukan intanet, 554 na hoton bidiyo, 3389 na sarrafa kwamfutar Windows daga nesa. Akwatunan Hikvision kan zo da 8000, na Dahua da 37777.

Kafin a taɓa komai, sai an tabbatar gidan yana da adireshin waje nasa na kansa. A nan yawancin wahala ke ƙarewa a banza. Ana shiga shafin rauta ta burauza, sau da yawa a 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ko 192.168.8.1 a na Huawei, a duba adireshin da ke gaban WAN, sannan a gwada shi da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun zo ɗaya, hanya a buɗe take. In na rauta ya fara da 10, ko ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ya tara abokan ciniki da yawa a bayan adireshi guda, tsarin da ake kira CGNAT, wanda ƙarancin adireshin IPv4 ya haifar. Haka galibin rautoci masu layin waya suke, irin waɗanda suka cika gidaje a Najeriya da Nijar, haka ma ƙaramin tsarin Starlink. A wannan hali babu ƙa'idar da za ta yi aiki, sai dai a nemi adireshin waje daga kamfanin, wanda yawanci na kuɗi ne, ko a koma ga manhaja irin Tailscale da ba ta buƙatar buɗe ƙofa.

Mataki na biyu shi ne tsayar da adireshin na'urar. Rauta aro take bayar da adireshi ta tsarin DHCP, ba kyauta ba. Akwatin da ke 192.168.1.104 yau, idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, yana iya tashi a 192.168.1.107, ƙa'idar kuma tana can tana nuna tsohon wuri. Hanyoyi biyu ne. Ana iya rubuta adireshin da hannu a jikin na'urar, a zaɓi lambar da ke wajen rukunin da rauta ke rabawa, kamar 192.168.1.20 idan rabon ya fara daga 100, a sa 255.255.255.0 a gurbin da ke biye, adireshin rauta kuma a gurbin mashiga. Kuskure a nan kan sa na'urori biyu su yi karo a lamba ɗaya. Wadda ta fi sauƙin kulawa ita ce keɓe adireshi a cikin rautar kanta, a sashen Address Reservation, inda ake ɗaure lambar MAC ta na'urar, mai haruffa da alƙaluma 12, da adireshi guda har abada.

Ƙa'idar kanta ba ta da wuya. Sashenta na ɗauke da suna Port Forwarding, a wasu rautoci Virtual Server. Ana cike ƙofar waje, ƙofar ciki, adireshin da aka tsayar, da nau'in saƙo, TCP ko UDP, kamar yadda littafin na'urar ya faɗa. Gwaji kuwa daga waje ake yin sa: a kashe Wi-Fi a waya, a kunna data. Rautoci da dama ba sa barin a kira adireshin waje daga cikin gida, sai a zaci aikin bai yi ba. Inda rauta biyu ke jere, ta kamfani da ta maigida, dole a kafa ƙa'idar a kan dukkansu.

Adireshin wajen ma yakan sauya. Hidimar DDNS, irin ta No-IP ko DuckDNS, tana ba da suna tsayayye da ke bin sa duk inda ya koma.

Saura batun tsaro, kuma ba ƙarami ba ne. Akwai kwamfutoci masu lalube intanet dare da rana suna neman buɗaɗɗun ƙofofi. A 2016 muguwar manhajar Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da rautoci ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta, aka yi amfani da su wajen kai wa kamfanin Dyn hari, abin da ya sa manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka tsaya a Amurka. Don haka a sauya kalmar sirri kafin a buɗe ƙofa, a sabunta manhajar na'urar, a kashe UPnP da ke bai wa na'urori damar buɗe ƙofa da kansu, kada kuma a jefa na'ura cikin sashen DMZ na rauta don gudun wahala, domin hakan buɗe dukkan ƙofofi ne gaba ɗaya. Ƙofar 3389 ba ta dace a bar ta ga duniya ba ko kaɗan. Mai na'urori da yawa gara ya buɗe ƙofa ɗaya tak ga manhajar WireGuard, wato 51820 ta UDP, ya riƙa shiga sauran ta cikinta.