Gwarzo ko Mugu? Darasi Daga Zaɓukan da Ake Yi a Cikin Wasannin Intanet

A ƙarshen watan Yulin 2013, kamfanin ArenaNet da ke Amurka ya kafa akwatunan zaɓe a cikin wasansa mai suna Guild Wars 2. A labarin wasan, an kashe ɗaya daga cikin 'yan majalisar birnin Lion's Arch, kujerarsa ta zama babu kowa, sai aka ce 'yan wasa su zaɓi wanda zai gaje ta. 'Yan takara biyu aka tsayar. Ta farko ita ce Ellen Kiel, jami'ar tsaro mai bin doka sau da ƙafa. Na biyu shi ne Evon Gnashblade, attajirin ɗan kasuwa mai siffar dabba da ƙahoni, wanda kowa ya san ba abin da ke gabansa sai riba.

Kallo ɗaya za a yi musu a ce ga gwarzuwa ga mugu. To amma abin da ya raba kan 'yan wasa ya wuce hali da kamanni. Wannan darasi zai bi diddigin irin waɗannan zaɓuka, domin duk mai son gina manhajar ƙuri'a, ko mai shirya zaɓen shugaban gasar wasa a Ikara, Makarfi ko Hunkuyi, ya gane cewa dokar zaɓe ce ke fitar da mai nasara tun kafin a jefa ƙuri'ar farko.

Abin da aka yi alƙawari

Kowane ɗan takara ya zo da alƙawari biyu. Kiel ta ce idan ta ci za ta rage kuɗin da ake biya wajen tsallakawa daga wuri zuwa wuri a taswirar wasan na tsawon mako huɗu, sannan za a buɗe sabon fagen wasa kan fashewar wata cibiyar bincike mai suna Thaumanova. Evon kuma ya ce zai karya farashin makullan akwatunan sa'a na shagonsa na mako huɗu, sannan a buɗe fage kan faɗuwar Abaddon, wani babban jigo a tsohuwar tatsuniyar wasan.

Nan gizo ke saƙa. Mutane da yawa sun bi Evon duk da sun san halinsa, saboda labarin Abaddon suke ƙishirwar gani. Wasu sun bi Kiel saboda ragin kuɗin tafiya zai shafi aljihun kowa, alhali makullai sai mai saye. Ƙuri'ar ma ba ɗaya ba ce ga mutum ɗaya: ana samun tikitin goyon baya ne ta hanyar yin wasa, wanda ya fi daɗewa a gaban kwamfuta ya fi tara tikiti, ya fi ƙarfin murya.

Kiel ce ta yi nasara, kuma a watan Nuwamban wannan shekara aka saki fagen Thaumanova. Ragin kuɗin ya ƙare cikin wata guda. Fagen Abaddon kuwa ba a gina shi ba, shekaru suka yi ta wucewa magoya bayan Evon na cizon yatsa. Darasi na farko ke nan: a kowane zaɓe akwai alƙawarin da ke ƙarewa da wuri da wanda ke zama dindindin, kuma sau da yawa na farkon ne ya fi ƙara a kunne.

Me ya sa mugu ke samun ƙuri'a?

Dalili na farko shi ne nishaɗi. A wasa babu wanda zai kwana da yunwa don mugu ya hau mulki, saboda haka mutane kan zaɓe shi su ga abin da zai faru. A watan Yulin 2019 kamfanin Nintendo ya shirya gasar ƙarshe a wasan Splatoon 2 tsakanin ɓangaren tsari da ɓangaren hargitsi. Hargitsi ya ci, kuma da Splatoon 3 ya fito a 2022 sai aka ga an gina duniyarsa a kan wannan sakamako.

Dalili na biyu shi ne kwaɗayi. A SkyBlock, wani sashe na dandalin Hypixel da ke kan Minecraft, ana zaɓen magajin gari a kai a kai. Cikin masu fitowa takara akwai Scorpius, wanda alƙawarinsa a fili yake: idan ya ci, duk wanda ya zaɓe shi zai samu kuɗin wasa. Masu gina wasan da kansu suka sa wa wannan alƙawari suna cin hanci. Duk wanda ya taɓa ganin ana rabon taliya da atamfa a jajibirin zaɓe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Dalili na uku, wanda ya fi muhimmanci, shi ne haɗin kai. A wasan EVE Online na kamfanin CCP da ke ƙasar Ayislan, tun 2008 'yan wasa ke zaɓen majalisar wakilai ta mutane na gaske, waɗanda ke zama da ma'aikatan kamfani su tattauna makomar wasan. Wani ɗan wasa da ake kira The Mittani, jagoran rundunar Goonswarm wadda ta yi ƙaurin suna wajen zamba da cin zalin 'yan wasa, ya zama shugaban majalisar a 2011, ya kuma samu ƙuri'a sama da dubu goma a 2012. Sirrin ba wani abu ba ne: mutanensa suna fitowa gaba ɗaya su zaɓi wanda aka ce musu, masu adawa da shi kuma ƙuri'unsu a warwatse. Bai daɗe ba ya rasa kujerar, bayan ya yi wa wani ɗan wasa mai fama da damuwa izgili a bainar jama'a a taron kamfanin. Wato ko a wasa akwai inda muguntar ke tashi daga wasa.

Tambayoyi huɗu kafin a rubuta layin farko

Wa ke da ƙuri'a? A intanet wannan ce tambaya mafi wuya, domin mutum ɗaya na iya buɗe asusu goma. Wasan Old School RuneScape na kamfanin Jagex, wanda shi kansa ƙuri'ar 'yan wasa ce ta dawo da shi a 2013, ya magance wannan da sharuɗɗa: sai mai biyan kuɗin wata, wanda ya kai wani mataki na ƙwarewa, ya kuma shafe sa'o'i 25 yana wasa. Ba a hana maguɗi gaba ɗaya ba, an dai sa ya yi tsada.

Sau nawa zai jefa? Tsarin Guild Wars 2 ya fifita mai lokaci. Tsarin EVE na ƙuri'a ɗaya ga kowane asusu mai biya ya fifita mai kuɗi. Babu tsarin da bai fifita wani ba, abin da ake so shi ne mai ginawa ya san wa ya fifita.

Yaya za a ƙirga? A RuneScape, sabon abu ba ya shiga wasa sai ya samu kashi 75 cikin ɗari, daga baya aka sauke zuwa 70. A 2019 an kawo shawarar sabuwar sana'a mai suna Warding, kusan kashi 66 suka amince, amma ta faɗi. EVE kuma tun 2013 ya koma tsarin jera 'yan takara daga wanda aka fi so zuwa ƙasa.

Yaushe za a ga sakamako? Idan ana nuna alƙaluma tun ana cikin zaɓe, masu zuwa daga baya kan bi inda suka ga jama'a. Shi ya sa Jagex ya koma ɓoye sakamako har sai an rufe akwati.

Misali daga gida

Mutanen Ikara, Makarfi da Kudan ba baƙi ba ne ga ƙuri'ar na'ura. A ranar 12 ga Mayun 2018 jihar Kaduna ta zama ta farko a Nijeriya da ta yi zaɓen ƙananan hukumomi da na'urar zaɓe mai allon taɓawa, aka sake amfani da ita a watan Satumban 2021. Ƙorafin da ya fi fitowa bayan zaɓen 2018 shi ne na masu jefa ƙuri'a fiye da sau ɗaya, domin na'urar tana ƙirga dannawa amma ba ta tantance mai dannawar. Kafin 2021 sai da aka inganta ta don toshe wannan ƙofa. Matsalar da ta sha kan masu gina wasa a Ingila da Ayislan ita ce ta bayyana a rumfar zaɓe: ƙirga abu ne mai sauƙi, tabbatar da cewa mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya shi ne aikin.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, matasa talatin sun haɗa gasar eFootball a waya, kowa ya zuba kuɗin shiga, ana neman wanda zai riƙe kuɗin kyauta ya kuma yanke hukunci idan netwok ya yanke ana tsakiyar wasa. Mutum uku suka fito. Na Ikara ya yi alƙawarin raba data ga duk wanda ya zaɓe shi, yana da mutum 12. Na Makarfi yana da 10, na Hunkuyi yana da 8.

Idan mai rinjaye kawai ake nema, na Ikara ya ci, alhali mutum 18 ba su zaɓe shi ba. Idan kuwa an ce kowa ya rubuta zaɓinsa na ɗaya da na biyu, sai a cire na Hunkuyi tunda shi ne na ƙarshe, a duba zaɓi na biyu na mutanensa takwas. A ce shida sun rubuta na Makarfi, biyu sun rubuta na Ikara. Sakamako ya koma 16 da 14, na Makarfi ya ci. Mutanen ba su canza ba, ra'ayinsu bai canza ba, dokar ƙirga ce kawai ta canza. Saboda haka dole a amince da dokar tun kafin a san su wa za su tsaya.

Kayan aikin da ke hannu

Ƙuri'ar WhatsApp, wadda ta zo a ƙarshen 2022, tana da sauƙi amma tana nuna sunan kowa da abin da ya zaɓa, kuma alƙaluma na fitowa nan take. Ta dace da tsayar da ranar wasa, ba ta dace da zaɓen mai riƙe kuɗi ba, domin ƙane ba zai iya juya wa yayansa baya a idon kowa ba. A kuma tuna a kashe maɓallin da ke ba mutum damar zaɓar amsa fiye da ɗaya. Telegram na ba da damar ɓoye sunaye, sai dai mai layi biyu yana iya shiga zaure da asusu biyu. Google Forms na iya taƙaita amsa ɗaya ga kowane asusun Gmail, amma buɗe sabon Gmail ba ya ɗaukar minti goma. Maganin duka ukun ɗaya ne: a rufe rajistar masu zaɓe kafin a buɗe takara, a karanta sunayen kowa ya ji.

Ga mai son gina tasa manhajar

Na ɗaya, a raba rumbun bayanai gida biyu. Jadawali ɗaya na ɗauke da sunayen masu zaɓe da alamar ko sun jefa, ɗayan na ɗauke da ƙuri'u ba tare da suna ba. Haka ake samun sirri tare da hana maimaici. Kada a ajiye ainihin lokacin jefawa a jadawalan biyu, domin da shi ana iya gano wa ya zaɓi wa.

Na biyu, kada a dogara da wayar mai zaɓe. Ɓoye maɓalli bayan an danna ba tsaro ba ne, duk wanda ya goge bayanan burauza zai sake ganinsa. Uwar garke ce za ta yanke hukunci.

Na uku, a yi tanadin raunin netwok. Mutum zai danna, shafi ya tsaya cak, ya sake dannawa, saƙo biyu su isa kusan lokaci guda. Idan manhaja na duba "ya jefa?" sannan daga baya ta rubuta, duka biyun na iya wucewa. A sa dokar UNIQUE a kan lambar mai zaɓe a MySQL ko SQLite, a kuma haɗa sa alama da ajiye ƙuri'a su zama aiki ɗaya: ko su shiga tare, ko su fasa tare.

Na huɗu, a ɓoye sakamako har lokacin rufewa, sannan a fitar da adadin waɗanda suka yi rajista, da waɗanda suka jefa, da abin da kowa ya samu. Idan lissafin bai haɗu ba, kowa zai gani.

Na biyar, a rubuta abin da mai nasara ke da ikon yi, da ranar da wa'adinsa zai ƙare, da hanyar tsige shi. CCP ya iya cire The Mittani ne saboda akwai ƙa'idar da ya karya a rubuce.

Aikin gwaji

Mai karatu na iya gwada wannan da abokai goma da takarda kawai. A tsayar da 'yan takara uku na ƙirƙira, a ba ɗaya kyakkyawan hali da alƙawari mai nisa, a ba ɗaya mugun hali da kyautar nan take, na ukun ya tsaya a tsakiya. A yi zaɓe sau uku: da ɗaga hannu, da takarda a ɓoye, sannan da jera zaɓi na ɗaya da na biyu. A rubuta sakamakon kowanne, a kwatanta. Wanda ya ga yadda amsa ke sauyawa a hannun mutum goma ya shirya buɗe kwamfuta ya fara gina jadawalinsa na farko.