Harara-garke Ga Jarirai: Yaushe Ya Kamata A Yi Aikin Gyara?

A garuruwan ƙasar Katagum, tun daga Azare har Gamawa da Itas da Shira, in aka ga idon jariri ya karkace, abin da aka saba faɗa wa uwa shi ne ta yi haƙuri, zai miƙe in ya girma. Wasu kuwa su ɗora laifin a kan mai tsayawa ta bayan kan yaro yana yi masa wasa. Maganar tsayawa ta bayan kai ba ta da tushe. Maganar haƙuri kuwa tana da gaskiya, amma na 'yan watanni kaɗan ne kawai.

Kowane ido yana da tsokoki 6 masu juya shi, ƙwaƙwalwa ce kuwa ke ba su umurni domin idanun biyu su fuskanci abu ɗaya a lokaci ɗaya. Jariri sabon haihuwa bai gama koyon wannan ba, saboda haka ba abin tsoro ba ne idonsa ya riƙa zamewa jefi-jefi a watanni 3 na farko. Amma in ya cika wata 4 ido bai daidaita ba, ko kuwa karkatar ta zauna daram ba ta tafiya, to, lalle a kai shi ga likitan ido. Ranar rigakafin mako 14 dama ce mai kyau da uwa za ta nuna wa ma'aikacin lafiya abin da ta gani.

Dalilin gaggawar ya wuce kyan fuska. Idan idanu biyu suka kai wa ƙwaƙwalwa hoto biyu dabam-dabam, ƙwaƙwalwar yaro takan zaɓi ɗaya ta yi watsi da ɗayan. Yau da gobe, idon da aka yi watsi da shi sai ganinsa ya raunana, alhali babu wani ciwo a cikinsa. Haka nan kuma, tsakanin wata 3 da wata 5 ne yaro ke fara haɗa ganin ido biyu ya zama ɗaya, watau abin da ke sa mutum ya gane nisa da zurfi, ya sa zare a kafar allura, ya ƙiyasta tazarar motar da ke tafe. Masana biyu a Amurka, David Hubel da Torsten Wiesel, sun nuna da gwaji a kan 'ya'yan kyanwa cewa gani yana da lokacin koyo, in ya wuce da wuya a maido shi. Wannan aiki ne ya jawo musu lambar girma ta Nobel a 1981.

Ba kowace harara-garke ce ke bukatar wuƙa ba. Akwai jariran da karan hancinsu ke da faɗi, fata ta rufe farin ido ta wajen hanci, sai a ga kamar idon ya karkace. Likita yakan haska tocila, in hasken ya faɗa wuri ɗaya a tsakiyar idanun biyu, lafiya lau ne. Akwai kuma wadda ke bayyana wajen shekara 2 zuwa 3 saboda yaro yana wahala kafin ya ga abu sosai. Ita wannan sau da yawa tabarau kaɗai ke miƙar da ita. Idon da ya riga ya raunana kuwa, ana rufe lafiyayyen da filasta na wasu sa'o'i kowace rana, domin a tilasta wa raunannen yin aiki.

Wadda ake yi wa aikin fiɗa ita ce babbar karkata zuwa wajen hanci, mai bayyana kafin wata 6, wadda ba ta gushewa dare da rana. Tun 1839 da wani likita mai suna Dieffenbach ya fara irin wannan aiki a birnin Berlin na Jamus, amma batun lokacin da ya fi dacewa an daɗe ana muhawara a kansa. A 1981 Dakta Malcolm Ing na Amurka ya nuna cewa yaran da aka daidaita wa ido kafin su cika shekara 2 sun fi samun haɗin ganin ido biyu. A 2005 aka buga sakamakon wani babban bincike na asibitoci 58 a Turai, inda aka gwama yaran da aka yi wa aiki tsakanin wata 6 da wata 24 da waɗanda aka jinkirta wa har wata 32 zuwa 60. Da suka kai shekara 6, kashi 13.5 cikin 100 na rukunin farko sun iya gane zurfi a gwajin da aka yi musu, na biyu kuwa kashi 3.9 kacal. Sai dai na farkon sun fi yawan komawa a sake musu aiki, domin auna karkatar idon jariri daidai-wa-daida abu ne mai wuya.

Mai lura zai ga cewa ko rukunin da ya fi dacewa, kaɗan ne suka sami wannan gani, don haka bai kamata a yi wa iyaye alkawarin da ba za a iya cikawa ba. Duk da haka jinkiri bai ƙara wa yaro gani ba. Abin da akasarin likitocin ido ke bi yanzu shi ne a yi aikin bayan wata 6, kafin shekara 2, bayan an auna karkatar fiye da sau ɗaya an ga ba ta canjawa, an gwada tabarau in da bukata, an kuma fara jinyar raunannen ido.

Abin da ya fi firgita iyaye shi ne jita-jitar cewa ana ciro ido waje. Ba a ciro shi. Ana sa yaro barci, a sassauta tsokar da ke ja da ƙarfi a mayar da ita baya kaɗan, ko a rage tsawon wadda ta saki. Aikin bai cika wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, ido ya yi ja na 'yan makonni ya washe. Maganin barcin yana bukatar ƙwararre a kan ƙananan yara, shi ya sa ba a kowane asibiti ake yi ba. Mutanen ƙasar Katagum sai su fara da sashen ido na babban asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Azare, su nemi takardar turawa in aikin ya kama a yi shi a wani wuri, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin ido na ECWA da ke Kano, ko Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Akwai alamu biyu da ba a jiran wata 4 a kansu. In aka ga wani fari yana ƙyalli a tsakiyar baƙin ido, yana iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita, ko kuma ciwon daji na cikin ido, wanda ke kisa in an yi sakaci, ake kuma warkewa in an kama shi da wuri. In kuma idon yaro lafiyayye ya karkace farat ɗaya, musamman tare da zazzaɓi ko amai ko sandarewar wuya, ana jin tsoron sanƙarau ko wata cuta a cikin kai. A irin wannan hali kada a ɗiga ruwan nono, ko tozali, ko jiƙon ganye. A ɗauki yaro zuwa asibiti a wannan rana, tare da katinsa na rigakafi.