Kula da Jaririn da Aka Sa wa Ɗamarar Gyaran Kwatangwalo

A kowane kwatangwalo akwai gurbi mai kama da ƙoƙo wanda kan ƙashin cinya ke zama a cikinsa. Akan haifi wani jariri da gurbin bai yi zurfi ba, sai ƙashin ya riƙa zamewa ko ya fita gaba ɗaya. An fi ganin haka ga 'ya'ya mata, da ɗan fari, da wanda ya zo da ɗuwawu wajen haihuwa. Ba ya yi wa jariri ciwo, shi ya sa yakan ɓuya har yaro ya tashi tafiya da ɗingishi.

Idan an gano shi kafin wata 6, likita yakan sa ɗamarar Pavlik, wadda ta ci sunan likitan ƙasar Cek da ya ƙirƙiro ta, Arnold Pavlik. Maɗauranta suna riƙe gwiwoyi a lanƙwashe, cinyoyi a buɗe kamar zaman kwaɗo. A wannan zama ne ƙashin ke komawa gurbinsa, gurbin kuma, da yake guringuntsi ne mai taushi, ya ginu a kansa. Yawanci aikin mako 6 zuwa 12 ne, dare da rana.

Nan ne wahalar take. A Mai Wurno da ƙauyukanmu na Jazira, kaka ko ungozoma takan miƙe ƙafafun jariri bayan wanka, ta haɗa su, ta naɗe shi tsam a zane don ya tashi da miƙaƙƙun ƙafafu. Niyya ce mai kyau, amma ga wannan jariri miƙewar ita ce ke fitar da ƙashin. Ku zaunar da Kaka ku yi mata bayani tun ranar farko, domin ita ce za ta ji tausayinsa ta kwance ɗamarar ranar da kuka tafi kasuwa. Haka kuma ba aikin mai ɗori ba ne: babu abin da ya karye, ja da murza sai dai su ƙara ɓarna.

Goyo kuwa yana taimakawa, tunda yana buɗe cinyoyi a bayan uwa. Ki nuna wa likita yadda kike goyo, ki kuma kula kada zane ya matse gwiwoyin wuri ɗaya.

Kada ki sassauta ko ki ƙara matse maɗauri da kanki, kada kuma ki cire don wanka sai da izinin likita. Ki goge jikinsa da tsumma mai ɗumi, ki busar da matsematsi, bayan gwiwa da wuya sosai, domin zafin ƙasarmu yana saurin kawo ƙuraje a ƙarƙashin maɗauri. Hoda da mai ba su da wuri a can. Kunzugu yana shiga ƙarƙashin maɗauran ne, kuma wajen canza shi ki tallafo ɗuwawunsa da tafin hannu, kada ki ɗaga shi ta ƙafafu. Ya kwana rigingine.

Kukan kwana biyu ko uku na farko ba abin tsoro ba ne. Amma idan ƙafa ɗaya ta daina shure-shure, ko ta kumbura, ta yi sanyi, ko fata ta saɓule, ku kai shi asibiti a ranar.

Tun da yaƙi ya ɓarke a 2023, zuwa Sinnar, Wad Madani ko Damazin ya ƙara wuya da tsada. Duk da haka ku ware kuɗin mota tun da wuri don ranar komawa. Jariri yana girma, maɗauran suna buƙatar gyara, kuma hoton sikanin ne ke nuna ko ƙashin ya zauna. Idan aka wuce wata 6 bai zauna ba, sai a sa yaro barci a gyara, a ɗaure shi da filasta daga ƙirji zuwa ƙafafu na tsawon watanni. Bayan shekara ɗaya da rabi kuwa, galibi sai tiyata.