Ciwon Ƙirji da Ƙwannafi Shekaru Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Ƙwannafi na iya tasowa shekaru bayan tiyatar rage ƙiba, kamar yadda wani mai sauraro da ya aiko tambaya daga Doha ya kwatanta. Amma kafin a ɗora laifin a kan tumbi, zuciya ake fara dubawa. Ciwon da ke danne ƙirji, ya bi hannu ko muƙamuƙi, da gumi ko sarƙewar numfashi, ba a kwana da shi. A Katar 999 ake kira, a asibiti kuma a auna bugun zuciya da jini.

Tiyatar da aka fi yi a ƙasar ita ce wadda ake yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi, ya koma siriri kamar ayaba. Matsi na ƙaruwa a cikinsa, ruwan tsami ya riƙa hawa bututun abinci, wani lokaci kan tumbin ya zame ta tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Mutum ya farka cikin dare da ɗaci a maƙogwaro. Wanda aka yi wa wata tiyatar ta karkatar da hanji kuwa, gyambo ne abin tsoro a wurin ɗinki, musamman ga mai shan shisha ko ibuprofen. Duwatsun matsarmama ma kan jawo irin wannan ciwo.

Omeprazole na rage zafin, amma sai an zura kyamara ta baki ake ganin ɓarnar da tsamin ya yi. Shayin karak da cin abinci dab da kwanciya na tsananta ƙwannafin. Idan magani ya gaza, likita kan mayar da tiyatar ta zama ta karkatar da hanji.