Araha Ba Ta Ado: Darasi a Kan Sayen Tukunya da Kifi

Darasin wannan wata ya shafi madafi da kasuwa. Duk inda mata suka taru, ko a gidan biki ko a aji kafin malama ta iso, da wuya a tashi ba a taɓo zancen kayan girki ba. Wance ta samo tukunya da araha. Wance an cuce ta a kula, ko mako ba a yi ba ta daina riƙe zafi. Maza su ma suna da tasu hirar a majalisa, ta inda ake gasa kifi mai daɗi da nawa ake sayar da shi. Hira ce ta yau da kullum, amma a cikinta akwai kuɗin cefane, akwai kuma lafiyar yara.

An ɗauki misali da Daurawa, unguwar da ke bakin titin Maiduguri a Kano. Ita da Gyadi-Gyadi da Tarauni duk suna cikin Ƙaramar Hukumar Tarauni. Mutanen karkara da yawa sun san wannan yanki, domin wanda ya taho ta hanyar Zariya yakan sauka a tashar Unguwa Uku, ya kwana wurin 'yan uwa, da safe a raka shi sayen kayan ɗakin 'yarsa. Abin da ya shafi matar Daurawa a kasuwa ya shafi baƙonta na ƙauye, har ma ya fi shafarsa, tunda shi idan an sayar masa da abu marar kyau ba lalle ya sami kuɗin motar dawowa ba.

INA ZA A SAYA?

Mai zama a Daurawa yana da kasuwar Tarauni a kusa. Idan ya nisa, akwai kasuwar Sabon Gari, wadda ake kira kasuwar Abubakar Rimi. Akwai Ƙofar Wambai ta 'yan gwanjo. Akwai Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, inda ake samun ƙwarya da ludayi da akushi da faifai. Akwai kuma manyan kantuna irin na Ado Bayero Mall da aka buɗe a Titin Gidan Zu a shekarar 2014, inda kuɗin kowane kaya yake rubuce a jikinsa, ba a taya.

Kowa ya san kaya sun fi sauƙi a babbar kasuwa. Abin da ake mantawa shi ne kuɗin hanya. A ce kasko yana N4,000 a Tarauni, a Sabon Gari kuma N3,200. An sami ragin N800. To amma idan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya kama N1,200, an yi asarar N400 ke nan, ga wuni guda ya tafi. Waɗannan kuɗaɗe misali ne kawai, kowa ya sa na garinsu. Babbar kasuwa tana da riba ga mai sayen kaya da yawa, ko ga mata huɗu ko biyar da suka haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya ya saro musu.

LISSAFIN TUKUNYA

Kuɗin tukunya ba a ranar saye kaɗai ake ƙirga shi ba. Ana raba shi ne da shekarun da za ta yi tana aiki.

Ga tukunya biyu. Ta farko marar kauri ce, N5,000, shekara guda ta lotse ko ta huje. Ta biyu mai kauri ce, N14,000, ta yi shekara 7. Idan aka raba 14,000 gida 7, za a ga N2,000 ce take ci a shekara. Ita kuwa mai araha, a cikin shekarun nan 7 sai an saye ta sau 7, wato N35,000. Bayan haka tukunya marar kauri tana saurin kama abinci, tuwo ya ƙone a gindi sama bai nuna ba. Garin da ya ƙone shi ma kuɗi ne.

Saboda haka mai saye ya ɗaga tukunya ya ji nauyinta. Ya ɗaga gindinta sama wajen haske ya duba ko akwai ƙananan huji. Ya girgiza hannuwanta. Ya ɗora marfi ya ga ko ya zauna daidai. Idan ta ƙasa ce, ya ƙwanƙwasa ta da yatsa: mai lafiya tana ƙara ras, mai tsaga kuwa muryarta a dushe take. Kwanon da aka yi wa fenti, irin su langa da fanteka, idan fentin ciki ya ɓare to tsatsa ta sami ƙofa. Irin wannan ya yi kyau a jere, bai yi kyau da miya ba.

A nan ne iyayen amare suka fi yin kuskure. Sai a ci bashi a cika ɗaki da kwanukan da ba za a taɓa cin abinci a cikinsu ba, don kada a ce an gaza, sannan a zo kan tukunyar da yarinya za ta ɗora sau uku a rana a ce a kawo mai araha.

ABIN DA IDO BA YA GANI

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci, a karanta shi a tsanake.

Tukunyar da ta fi yawa a gidaje ita ce ta zubi, wadda wasu ke kira tukunyar dalma. Asalinta alminiyam ne. Maƙera suna narka tsofaffin ƙarafa su zuba a cikin ƙasar da aka fitar wa siffar tukunya. Sana'a ce mai amfani, tana ciyar da gidaje da yawa, tukunyar kuma tana da ƙarko a kan murhun itace. Matsalar tana ga abin da aka narka. Idan tsofaffin tukwane ne da gwangwanin lemo, da sauƙi. Idan kuwa an haɗa da kayan injin mota da lagireto da tarkacen na'urori, ana iya samun dalma ta ainihi a ciki, ita kuwa guba ce.

A shekarar 2014 masu bincike sun gwada irin waɗannan tukwane a ƙasar Kamaru, suka tarar dalma tana fita daga jikinsu ta shiga abin da ake dafawa. A 2017 aka sake gwada kayan girki 42 daga ƙasashe 10, aka sami irin wannan matsala a cikin wasu daga cikinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na dalma da za a ce ba ya cutarwa. Ta fi yi wa yara ƙanana da mata masu ciki illa, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa. Yaro ba zai faɗi ciwo nan take ba. Sai dai a ga ya girma karatu yana yi masa wuya, a yi ta dukansa ana cewa daƙiƙi ne.

Mutanen ƙasar nan sun ga aikin dalma a Jihar Zamfara a shekarar 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Can ba tukunya ce ta jawo ba, niƙan dutsen zinariya ne a cikin gidaje. Ta tukunya ba ta kai wannan yawa ba ko kusa, kaɗan-kaɗan take shiga, amma gubar ɗaya ce.

Ba a ce kowa ya zubar da tukunyarsa ba. Ido ba ya bambance mai dalma da marar ita, kuma ba kowa ke da halin sauyawa yau ba. Amma akwai abin da kowace mace za ta iya yi. Abu mai tsami yana cin jikin alminiyam: tsamiya, tumatir, yakuwa, zoɓo, lemon tsami. Kanwa ma haka, shi ya sa ake ganin cikin tukunya ya yi baƙi bayan an dafa wake da ita. Kada a jiƙa tsamiya a tukunyar zubi. Kada a bar miya ta kwana a ciki, a juye ta a wani mazubi da zarar an sauke. Kada a riƙa dirje cikinta da yashi don ta yi ƙyalli, domin dirzar tana buɗe sabon jiki ne ga abinci. Kunun yaro da abincin mai ciki, idan da hali, a yi su a tukunyar silba marar tsatsa ko ta ƙasa. Wanda zai saya wurin maƙeri ya tambaye shi abin da ya narka. Idan masu saye suka yawaita wannan tambaya, maƙera za su fara zaɓen abin da suke zubawa a wuta.

Haka nan bokitin fenti da jarkar maganin feshi ba mazubin abinci ba ne, ko sau nawa aka wanke su, ko da kyauta aka bayar.

YADDA AKE TAYI

Ga misalin ciniki tsakanin wata dattijuwa da saurayi mai tukwane:

"Sannu da kasuwa, ɗana. Wannan mai kaurin nawa?"
"Sannu Iya. Dubu goma sha takwas."
"Na saya sha ɗaya."
"Albarka, Iya. Ko sari ban yi haka ba."
"To nawa ne gaskiyarta? Na tambaya a rumfa biyu kafin na zo nan."
"Kawo sha biyar."
"Sha huɗu, ka haɗa mini da muciya."
"Na sallama. Allah ya sa a ci lafiya."

A lura da abin da ya ba ta ƙarfi. Ta zaga ta ji kuɗin a wurare biyu kafin ta taya. Ba ta kushe kayan ba, ba ta kuma nuna ta matsu ba. Kalmar "albarka" ba kora ba ce, ma'anarta a ƙara. Mai taya kuma ya sani idan aka sallama masa a kan tayinsa, bai dace ya juya ya tafi ba. Idan wani yana cikin ciniki, ba a shiga a taya a kansa. Al'ada da addini duk sun hana.

KIFI

Kano ba ta da teku. Kifin da ake ci iri uku ne. Akwai na ruwan gida, kamar tarwaɗa da karfasa, daga madatsun ruwa irin su Tiga, wadda aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da Challawa da aka gama a 1992, da kuma na masu kiwo. Akwai busasshe, wanda yankin tafkin Chadi ya yi suna da shi. Akwai na ƙanƙara, irin su sardin da titus, wanda yawancinsa daga ƙasashen waje yake, ya sauka a bakin teku, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 daga Legas a mota. Kasuwar Galadima ita ce matattarar kifi da aka fi sani a birnin.

Kifi yana saurin lalacewa fiye da nama, saboda haka arhar kifi da yamma abin tambaya ce. Mai kyau idonsa garau yake, a cike. Idan aka ɗaga marfin da ke gefen kansa, wurin da yake numfashi, za a ga ja. Idan aka danna jikinsa da yatsa sai ya dawo. Wanda idonsa ya faɗa, jikinsa ya yi laushi, cikinsa ya fashe, a bar wa mai shi. Na ƙanƙara kuwa, idan ya narke aka sake daskarar da shi, za a ga jini da ruwa sun daskare a jikin kwalin.

Busasshen kifi a karya shi a duba ciki, a kuma sansana. Wasu marasa tsoron Allah suna fesa masa maganin ƙwari don kada ya yi tsutsa. A shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani, kamar Sniper, a kasuwanni da kantuna. Kifin da ke warin magani kada a saye shi. Wanda aka saya kuma a jiƙa shi a ruwan zafi da gishiri, a zubar da ruwan kafin a sa a miya.

Da yamma ana ganin masu gasa kifi da masu suya a bakin manyan tituna, kamar Titin Gidan Zu da titin Maiduguri. Mai shiga irin wannan wuri ya zaɓi kifinsa da idonsa kafin a sa yaji, domin yaji da hayaƙi suna ɓoye wari. Ya tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta. Ya dubi man suya: idan ya yi baƙi yana kumfa, an daɗe ana maimaita shi. Maigida kuma ya yi lissafi. Sau da yawa kuɗin da zai ci gasasshen kifi guda shi kaɗai a waje, idan ya sayo ɗanye da su ya kai gida, da shi da uwargida da yara kowa zai sami yanka a miya.

AIKIN GIDA

1. Wata mata ta sayi kula a N9,000 ta yi mata shekara 3. Maƙwabciyarta ta sayi ta N4,000, duk shekara sai ta sake. Wa ta fi kashe kuɗi a shekara 3, kuma da nawa?

2. Rubuta abinci uku masu tsami da bai kamata su kwana a tukunyar zubi ba.

3. Mata 5 sun haɗa kuɗi za a saro musu kaya. Kuɗin mota zuwa da dawowa N1,500 ne. Nawa kowacce za ta biya?