Yadda Za Ki Ba Takarda Kamannin Tsufa Ba Tare Da Kin Kashe Ta Ba

Tambaya: Ina sana'ar hannu a gida, ina yin katin gayyatar biki da na suna, da alamar shafin littafi, da ƙananan akwatunan tsaraba da littafin ajiye hotuna, duk masu kamannin kayan da. Ina rina takardar da ruwan shayi, in ƙona gefenta, in manna da gam ko salatif. Suna fita da kyau ƙwarai, amma damina ɗaya ke nan masu saye sun fara ƙorafi: wasu kayan sun yi fumfuna, wasu sun kakkarye, wasu sun ɓamɓare. Ina matsalar take? (Daga wata mai karatu a Zariya)

Amsa: Allah Ya sa wa sana'a albarka. Matsalarki ba ta rashin iyawa ba ce. Hanyoyin da kika bi don kayan su yi kama da tsofaffi su ne suka tsufar da su da gaske. Wanda ya sayi abin tunawa kuwa so yake ya buɗe akwati bayan shekara ashirin ya same shi yadda ya ajiye. Don haka abin da za ki sa a gaba shi ne launi da fasali su zama na da, amma jikin takardar ya kasance lafiyayye.

Abin da ke cin takarda

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, da tsummokaran auduga da na lilin ake yin takarda a Turai. Irinta ce fatake suka riƙa kawowa ƙasar Hausa ta hanyar Tarabulus, musamman ta Italiya mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske. A kanta malamanmu suka rubuta littattafai da yawa, kuma har yau akwai irinsu a Arewa House da ke Kaduna da ɗakin adana tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, suna karantuwa bayan fiye da shekara ɗari.

A shekarun 1840 wani Bajamushe, Friedrich Gottlob Keller, ya ƙirƙiro injin niƙa itace a yi takarda da shi. Takarda ta yi araha, amma ta zo da ciwonta. A cikin itace akwai wani sinadari, liginin, wanda haske da iska ke mayarwa ruwan ƙasa, kuma yana haifar da asid mai karya zaren takarda. Shi ya sa jaridar da aka bari a bakin taga take canja launi cikin kwana biyu. Idan asid ya samu zafi da danshi, ɓarnarsa sai ta ninka.

To dubi abin da kike yi. Shayi da kofi suna da ɗan asid, kuma suna barin abin da fumfuna da ƙwari ke ci, balle idan sukari ko madara sun shiga. Wuta tana busar da zaren gefen takarda har ya riƙa marmashewa. Salatif kuwa, mannin da ke jikinsa yana ratsa takarda ya bar tabo mai maiƙo, ledar kuma ta faɗo. Abu uku ke nan da suka taru a kan kati guda.

Fara da takarda mai lafiya

Araha ba ta ado. Ki bar takardar jarida, da kwali mai launin toka, da katan ɗin kaya, ga duk abin da kike so ya daɗe. Ki nemi wadda aka rubuta a jikin ƙunshinta cewa ba ta da asid, ko mai lambar ISO 9706, wato ma'aunin takarda mai ɗorewa da aka fitar a 1994. Mafi yawan farar takardar ofis ta yanzu ma ba da asid ake yin ta ba, sai dai nauyinta giram 80 ne, ba ta jure jiƙo. Don kati ki nemi mai giram 200 zuwa 250. Idan za ki jiƙa ta sosai, takardar masu zane da fentin ruwa mai giram 300 ta fi, musamman ta auduga.

In kina shakkar wata takarda, yanki ɗan zirin ta, ki rufe rabinsa da kwali, ki ajiye a rana na mako guda. Idan ɓangaren da ke buɗe ya yi rawaya ƙarara, kada ki sa ta a aikin sayarwa.

Ki kuma lura da kwanciyar zaren takarda. Kowace takardar inji tana da ɓangaren da ta fi lanƙwasuwa cikin sauƙi. Ki lanƙwasa ta a hankali ta tsaye da ta kwance, inda ta fi laushi nan ne za ki bi da ninki. Katin da aka ninke ta ɗaya ɓangaren shi ne yake tsagewa a gadon baya, kuma ba ya rufuwa daidai.

Launin tsufa

Hanyar da ta fi aminci ita ce fentin ruwa ko fentin akirilik mai launin ƙasa, irin ruwan goro da rawayan ƙasa. Asalin waɗannan launuka ƙasa ce mai tsatsar ƙarfe, ba sa kodewa da wuri. Ki tsinka fentin sosai har ya zama kamar ruwan shayi marar ƙarfi, ki shafa da faffaɗan buroshi ko soso. Gara ki shafa sau biyu ko uku marar kauri da ki shafa sau ɗaya mai duhu. Ki shafa gaba da baya, domin takardar da aka jiƙa fuska ɗaya takan nannaɗe. Gefuna su fi tsakiya duhu kaɗan, don haka tsohon littafi yake, inda hannu da iska suka fi taɓawa.

Idan kin fi son shayin, ki keɓe shi ga abin da ba a nufin ya daɗe, kamar takardar naɗe tsaraba ko alamar teburin biki. Baƙin shayi zalla, a tace shi, a tsoma na minti biyu zuwa uku. Zoɓo yana ba da launi mai ɗaukar ido, amma haske na cinye shi da sauri.

Maimakon ƙona gefe, ɗora rula inda kike son yankewa, ki ja layi da jiƙaƙƙen buroshi, ki jira ruwan ya shiga, sannan ki yage a hankali. Za ki samu gefe mai gashi-gashi irin na takardar hannu, kuma da ƙarfinsa.

Busarwa ita ce inda mafi yawan masu wannan sana'a suke gaggawa. Kada ki shanya a rana. Ki bar takardar ta sha iska a inuwa, sannan ki sa ta tsakanin farin ƙyallen auduga biyu, ki danne da katako da littattafai masu nauyi, ki canja ƙyallen idan ya yi danshi. Da rani kwana ɗaya ya isa, a watan Agusta ki ba ta biyu ko uku. Takardar da aka sa a leda da sauran sanyi a jikinta ita ce ke yin fumfuna a hannun mai saye.

Rubutu da tawada

Tawadar firinta mai ruwa takan zuba idan ta jiƙe, ta firinta mai hoda irin ta injin fotokwafi ba ta zuba. Saboda haka idan za ki buga kafin rini, ki buga da mai hoda. Idan rubutun hannu ne, ki rina, ki busar, sannan ki rubuta. Tawadarmu ta zuge, wadda ake haɗawa da baƙin hayaƙi ko gawayi da ƙaro, ba ta kodewa a haske kuma ba ta cin takarda, sai dai ruwa na wanke ta. Wadda ake dafawa da bagaruwa da ƙarfe kuwa tana kama takarda da kyau, amma idan ta yi ƙarfi takan ci ta a hankali har ta huda wurin rubutun. Biro da maka kada su kusanci wannan aiki.

Manni

Masu gyaran tsofaffin littattafai da kokon sitacin alkama ko na shinkafa suke aiki, domin ba ya canja launi, kuma ana iya ɓamɓare shi da danshi idan an so gyara. Ki dama cokali ɗaya na sitaci da cokali biyar na ruwa, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya yi kauri ya yi sheƙi, ki bari ya huce, ki tace da ƙyalle. Ki dama na kwana biyu kawai, don yana tsami. Ki shafa shi siriri, daga tsakiya zuwa gefe. Ki sani sitaci abinci ne ga kyankyaso da sauran ƙwari, shi ya sa yawansa ke jawo ɓarna.

Don akwati da bangon littafi, farin gam na ruwa ya fi ƙarfi, amma ki nemi wanda aka yi don takarda, marar asid. Gam ɗin kyandir da ake narkawa da bindiga yana saki idan zafi ya yi yawa. Ƙaro ya dace da bakin ambulan, sai dai idan ya yi kauri yana tsattsagewa.

Inda duk zare zai iya riƙewa, ki ɗinka. Zaren auduga da aka goga wa kakin zuma yana riƙe shafuka shekaru. Ƙusar sitafula da fil suna tsatsa su bar tabo, roba kuma tana narkewa ta manne. Hoto kada ki shafa masa gam, ki yi masa ƙananan kusurwoyi huɗu na takarda ki soka shi ciki. Busasshen fure ki danne shi mako biyu zuwa uku kafin ki manna, kuma ki zaɓi mai siririn ganye.

Abin da ba a sa wa almakashi

Wannan ya fi duk sauran muhimmanci a wurina. Masu son kayan da sukan yanka tsohuwar takarda ta gaske don ƙawata kati. Ina roƙonki kada ki yi. Wasiƙar kaka, takardar gona, rubutun ajami, ko tsohon bugun *Gaskiya Ta Fi Kwabo* da aka fara fitarwa a garinku a 1939, tarihi ne da ba a mayar da shi idan ya tafi. Ki ɗauki hotonsa ko ki yi fotokwafi, ki yi aiki da kwafin, ki adana na asalin a kwance cikin farar takarda. Kada kuma ki kai shi a narka masa leda da inji, domin ledar ba ta fita sai da fatar takardar. Duk shafin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah ba kayan yanka ba ne, kuma ba a sa shi a abin da zai iya ƙarewa a shara.

In kina neman fasalin da, ba sai kin leƙa waje ba. Akwai zayyanar allon sauka da launukanta ja da rawaya da baƙi, akwai dagi, akwai tsarin tadarishi da gafaka, akwai tsohon kan sarki da ake cirewa daga ambulan ta hanyar jiƙa shi a ruwa. Sannan ki gaya wa mai saye gaskiya cewa sabon aiki ne aka yi masa kamannin tsufa.

Ajiya

Fumfuna tana tashi idan danshin iska ya haura kashi 65 cikin ɗari, abin da ɗakunanmu ke kaiwa a tsakiyar damina. Ki ajiye kayanki a akwati mai murfi, a kan kanta, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da bangon da ruwa ke duka, nesa da madafa. Ƙananan ƙunshin ƙwayoyin shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalma suna da amfani, ki jefa su ciki. Hayaƙin turaren wuta yana dusashe takarda, turare mai maiƙo kuma yana barin tabo. Da hunturu ki danne katunan don kada su lanƙwashe. Abin da aka sa a firam kada ya taɓa gilashi, kuma kada a rataye shi inda rana ke faɗawa.

Ki rubuta waɗannan shawarwarin ajiya a ɗan guntun kati cikin layi uku ko huɗu, ki sa a kowane ƙunshi da kika sayar. A bayan kowane aiki kuma ki rubuta shekara da sunan bikin da fensir, don fensir ba ya kodewa.

Kafin ki karɓi aikin biki na gaba, ki yi samfuri uku da sabuwar hanyar: ɗaya a bakin taga, ɗaya a akwati, ɗaya a ɗaki mai danshi. Ki duba su bayan wata guda, abin da ya jure shi za ki kai kasuwa. Kuɗin kayan zai ƙaru kaɗan, ki sa shi a farashi ki yi wa mai saye bayani, domin wanda ya san abin zai kai ga jikokinsa ba zai ƙi biya ba. Allah Ya ba da sa'a, Ya kawo kasuwa mai albarka.